Kartar zaure: in kiɗi ya sake, rawa ta sake

 

Yau maganar wasa zan yi muku. Kada ku ce malami ya rasa abin faɗi. Wasa ƙaramin abu ne, amma yana haɗa mutane, yana kuma raba su. Na ga ya yi duka biyu a garinmu Bazaga, cikin ƙasar Ƙonni. Shi ya sa nake son in gaya muku yadda munka sake salon kartarmu, da abin da sakewar ta jawo. Wataƙila a zaurenku ma akwai irin wagga magana.

Yadda wasan yake

Bayan kaka, in an kai damma rumbu, dare yakan yi tsawo. Mu tara ne muke haɗuwa a zauren wani dattijo bayan sallar lisha. Akwai manoma, akwai tela, akwai mai awon hatsi, akwai mai kabu-kabu, akwai ni mai koyar da manya karatu. A shimfiɗa tabarma, a hura gawayi, a ɗora shayi, a fiddo karta.

Belot muke yi. Wanda bai san ta ba, ga yadda take a taƙaice. Kwalin karta yana da guda 52. A cire masu lamba 2, 3, 4, 5 da 6, saura 32. Mutum huɗu ke zama, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Karta iri huɗu ce, biyu ja, biyu baƙi, kowane iri guda 8. A raba biyar-biyar, a buɗe guda a tsakiya. Wanda ya ga irin da anka buɗe ya yi masa, sai ya ce ya ɗauka. Irin nan shi ne atu, wato shi ke yanka sauran. Sa'an nan a cika wa kowa takwas.

Kowace karta da nauyinta. Cikin atu, bafade ne babba, maki 20 gare shi. Mai lamba 9 tana bi masa da 14. As, wato mai ɗigo guda, 11. Mai lamba 10 goma, sarki 4, sarauniya 3. Kun ji, cikin atu bafade ya fi sarki. In ba cikin atu ba, bafade maki 2 ne kawai, 9 kuwa ba ta da kome. In an tara duka, an haɗa da goman da ake ba wanda ya yi cin ƙarshe, 162 ke nan. Wanda ya ɗauka, dole shi da abokinsa su kawo 82 ko fiye. In sun kasa, sun faɗi, makin duka ya koma ga abokan karawarsu.

Yadda kuɗi sunka shiga

Mun yi shekaru muna wasanmu ba ko dala. Wanda anka ci ya tashi, a yi masa ba'a, wani ya zauna.

Sai shekarar 2023 ta zo. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli, anka rufe iyaka tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya. Ba a buɗe ta ba sai watan Maris na 2024. Duk mai zama kusa da iyaka ya san abin da wannan ke nufi. Mai kabu-kabu ya rasa wanda zai ɗauka. Mai awo ya rasa ciniki. Lokaci ya yi yawa, kuɗi sunka yi kaɗan.

Ku lura da wanga abu. Ba lokacin wadata kuɗi sunka shiga wasanmu ba. Lokacin rashi ne. Wanda aljihunsa ya bushe, shi ke tunanin ko karta za ta jiƙa shi.

Da dala biyar anka fara. An ce don wasa ya yi gishiri. Kafin wata ya mutu ta koma dala ashirin. Kafin sanyi ya wuce, akwai daren da ake aza dala ɗari. Mu uku munka koma ƴan kallo: dattijon mai zaure, da wani manomi, da ni.

Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. Mutum ya rasa dala 20 kowane dare. Dare 30, dala 600 ke nan, wato jika 3. Rani wata 6 ne, jika 18 ke nan. Ranar Laraba in kun ci kasuwar Ƙonni, ku tambayi tiya nawa ta hatsi jika 18 za ta saya.

Ga wani lissafi kuma. Karta ba gona ba ce, ba ta haihuwa. In mutum huɗu sun zauna da jika 4, da jika 4 za su tashi. Abin da ya shiga aljihun wane, daga aljihun abokinsa ya fito. Ba baƙo a zaurenmu. Kenan duk wanda ya ci, maƙwabcinsa ya ci.

Abin da ɗan kallo ya gani

Mai wasa kartarsa kawai yake gani. Ɗan kallo kuwa yana ganin ta kowa. Da na koma baya na zauna, sai na ga kuɗi ba aljihu kaɗai suke taɓawa ba. Suna sarrafa hannun mai wasa.

Mai awo mutum ne mai taka-tsantsan. Da kuɗi sunka shiga, taka-tsantsan ya zama tsoro. Ba ya ɗauka sai yana riƙe da bafade da 9 gaba ɗaya. In ya ce ya wuce, kowa ya san ba shi da su. In ya ce ya ɗauka, kowa ya ɓoye manyan kartarsa. Ba ya faɗuwa da yawa, amma kullum ana gutsurarsa kaɗan-kaɗan.

Mai kabu-kabu shi kuma akasin haka ne. In an ci shi sau ɗaya, sai zuciya ta ɗebe shi. Kome anka buɗe sai ya ɗauka, don ya rama. Da ido biyu yake shiga rami.

Tela shi ke cin kowa. Ba sa'a ba ce. Yana ƙirga atu: takwas ne, in biyar sun fita, ya san saura uku, ya kuma san wajen wa suke. Ya san halin kowa kamar yadda ya san awon rigarsa. Kuma abokin zamansa guda ne kullum. In ya taɓa hula, abokin ya gane. In ya yi tari, ya gane.

Sai wasa ya zama abu guda kullum. Mai tsoro yana tsoro, mai ramuwa yana ramuwa, tela yana kwasa. Dariya ta ragu. Shayi ya yi sanyi a kofi, ba mai kula da shi.

Daga nan abin ya fita zaure ya shiga gidaje. Wani manomi cikinmu yana da ƴar garka a fadama. Kuɗin da ya ajiye na irin albasar Galmi da man injin ban-ruwa, rabinsu a tabarma sunka ƙare. Mai kabu-kabu kuwa ƙanwar mai awo yake aure. In kuɗinsa sun ƙare, sai ya ce: "Yaya, ara mini dala ɗari, yanzu zan maida." Yau da gobe bashi ya kai jika 7. Gaisuwa ta fara wuya tsakaninsu. Da anka yi suna a gidan mai awo, surukin nasa bai taka ba. Matar tana tsakiya, nan wanta, can mijinta.

Ba zan tsaya wa'azi ba, akwai malamai. Kowa ya san hukuncin caca. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta haɗa ta da giya, ta kuma ambaci gabar da take sawa tsakanin mutane. Mu dai mun ga gabar da idonmu.

Shawara ɗaukar ɗaki

Wasu sun ce a ƙone kartar, a rufe zauren. Dattijonmu ya ƙi. Ya ce: "In na rufe ƙofata, ba gida za su koma ba. Tasha za su tafi, wajen waɗanda ba su san iyayensu ba. Can ba mai ce musu ya isa."

Sai ya kira mu ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci. Rana tsaka, ba karta a hannun kowa, ba wanda anka ci jiya yana huci. Ya ce wasa yana nan, amma salonsa zai sake.

Tela ne ya fara musu. Ya ce: "Baba, karta ba kuɗi ai miya ce ba gishiri. Kuma haka ake yin ta ko'ina. Mu wa za mu sake ta?"

Dattijo ya dube ni ya ce: "Mushe, kai ka yi karatu, ba shi amsa."

Abin da na gaya masa shi zan gaya muku. Karta ba ta taɓa zama iri guda ba. Ta bi ta Masar ta shiga Turai cikin shekarun 1370, kowace ƙasa ta gyara ta yadda take so. Belot ɗin nan ba ta bazu a Faransa ba sai wajen 1920, daga can ta iso mana. Tsallaken iyaka, a Illela da Sakkwato, Whot sunka fi yi, mai tauraro da da'ira da gicciye. Ita kuma a Ingila anka ƙago ta a 1935. Duk dokar da ke cikin wasa, mutane ne sunka zauna sunka aza ta. Abin da mutane sunka aza, mutane suna iya ɗauke shi.

Dattijo ya ƙara da nasa. Ya ce iyayenmu sun yi dara a gindin icce, rami 30, kowa da ƴaƴa 12. Su wuni suna yi, ba ko anini, kuma wanda anka ci ya kwana yana jin ciwon abin. Ya ce gishirin wasa gori ne, ba kuɗi ba.

Ga abin da munka tsaida, na rubuta shi a shafin farko na wani sabon littafi:

1. Ba a aza kuɗi a tabarma, ko dala guda. Ba a aza goro, ba a aza taba.

2. Maki ake rubutawa. Waɗanda sunka fara kai 1000 su sunka ci. Rubutun yana zagayawa, yau wane, gobe wane.

3. Ba wanda ke da abokin dindindin. A ɗauki karta huɗu, biyu ja, biyu baƙi, a kife. Masu ja su haɗu, masu baƙi su haɗu.

4. Ba taɓa hula, ba tari, ba ƙifta ido. Wanda anka kama, an ci su wannan rabon.

5. Waɗanda anka ci su ke hura gawayi, su dafa shayi, su wanke kofi. Kuɗin shayi da sukari kowa ya kawo dala goma a mako, tunda kowa ke sha.

6. Ƙarfe goma na dare an tashi.

Munka ce a gwada wata guda. Wanda bai ji daɗi ba, ya faɗi ranar da wata ya cika.

Bashin surukai ma anka kashe maganarsa ranar nan. Jika 7 dala 1400 ce. Anka ce mai kabu-kabu ya riƙa biyan dala 100 duk Laraba. Mako 14 ke nan. Anka ja layi 14 a bayan littafi, duk wanda ya biya a soke shi.

Rawa ta sake

Abin da ya fi ba ni mamaki ba zaman lafiyar ba ne. Shi mun sa ran zai zo. Wasan kansa ne ya sake, har ya fi na da kyau.

Bari in kai ku nesa kaɗan don ku gane dalili. A Amurka akwai wata karta da ake kira poka. Ta taso wajen birnin Niyu Orliyans a farkon shekarun 1800, ta bi jiragen ruwa na kogin Misisipi ta bazu. A cikinta kowa tasa ta fishe shi, ba abokin tarayya. Mutum yana iya riƙe kartar banza, ya yi barazana kamar yana da babba, har mai babbar ya ji tsoro ya janye. A shekarar 1944 wani masanin lissafi, John von Neumann, haifaffen ƙasar Hangari, ya fito da littafi a Amurka shi da abokin aikinsa. A ciki ya nuna da lissafi cewa ɗan poka ba ya cin riba sosai in kullum sai da babbar karta yake cika baki. Dole wani lokaci ya yi barazana da ƙarama, don kada a gane shi.

Belot ba poka ba ce, amma darasin guda ne. Wanda ke wasa iri guda kullum, abokansa sun haddace shi. Sai dai mutum ba ya iya gwada sabon salo in kuɗin cefane ne a gabansa. Tsoro ba ya barin hannu ya saki.

Da tsoro ya kau, ga abin da ya faru.

Mai awo ya fara ɗauka da 9, da as, da ƙaramin atu guda, in yana da wani as a gefe. Ya faɗi sau da dama, ya hura gawayi, ya sha ba'a. Amma ya gane iyakar abin da kartarsa ke iya yi. Yanzu in ya ce ya ɗauka, ba mai sanin ko bafade yana hannunsa.

Mai kabu-kabu ba shi da abin ramawa kuma. Maki ne a takarda, gobe ma rana ce. Sai ya koyi cewa "na wuce". Ya fara ƙirga atu kamar tela. Ashe yana da kai, zafin bashi ne ya rufe shi.

Tela ya fi kowa shan wuya da farko. Ba abokin da ya san tarinsa. Yau ya haɗu da gwani, gobe da ɗan koyo. Da ya ga faɗuwar ɗan koyo faɗuwarsa ce, sai ya fara koya musu bayan an gama rabo: "Ka ga, da ka jawo atu tun farko, da as ɗinka ya tsira." Abin da yake ɓoyewa da, yanzu da bakinsa yake raba shi.

Littafin ma ya yi aikin da ba mu aike shi ba. Manomin nan mai garka yana iya lissafi da ka, amma hannunsa yana rawa in ya riƙe alƙalami. Ranar da rubutu ya faɗo kansa, mutum takwas suna duban hannunsa, kowa yana tsaron makinsa. Cikin wata biyu ya iya jera lamba ƙarƙashin lamba, ya tara har 1000. Yanzu da kansa yake rubuta buhun albasar da ya kai kasuwa.

Abin da munka rasa

Kada ku ɗauka kome ya tafi sumul. Makon farko wasan ya yi lami, har wasu suna hamma. Bakin da ya saba da yaji, sai a hankali yake jin daɗin abinci ba shi.

Mutum biyu sun bar zauren. Sun ce mun maida shi makaranta. Ɗaya ya dawo bayan wata uku, ba wanda ya tambaye shi inda ya je, anka matsa masa wuri. Ɗayan bai dawo ba. Muna gaisawa a hanya, amma mun san inda yake kai dare, kuma abin yana damunmu.

Layi 14 na bayan littafi kuwa duk an soke su. Surukan nan biyu, ranar da karta ta haɗa su gefe guda, su ke cin kowa.

In kuna son ku gwada

Ɗan'uwa, in a zaurenku dala ta fara hawa tabarma, ga abin da zan ce maka.

Kada ka ta da maganar ana cikin wasa. Wanda ake ci zai ce kana yi masa dariya, wanda ke ci zai ce kana yi masa baƙin ciki. Ka bari sai da rana.

Ka nemi babba wanda kowa ke jin nauyinsa, shi ya buɗe maganar.

Kada ka cire kuɗi ka bar wurin fanko. Ka sa wani abu a madadinsu: littafin maki, dafa shayi, gori. Mutum yana son ya ci ya ji ya ci.

Ka rubuta dokar, ka karanta ta kowa ya ji. Abin da ke a takarda ba ya sakewa don wane ya yi fushi.

Ka ce a gwada wata guda. Mutum ya fi saurin yarda da gwaji bisa ga umurni.

Kuma kada ka jira sai an daina gaisawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar dala biyar ta fi ranar jika bakwai sauƙin magana.

Kafin mu rabu, ga aiki na bar muku. Mutum biyu sun ɗauka, sun kawo maki 95. Nawa ya rage wa abokan karawarsu cikin 162? Kuma masu ɗaukar, sun tsira ko sun faɗi? Ku yi lissafin a takarda, ku nuna wa maƙwabci ya duba. In a garinku akwai wata dabara da kunka yi wa wasanku, ku rubuto, mu ma mu ƙaru.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi bar zumunci. Sai wani jiƙon.